Saura Shekara Ɗaya

"Ranar Asabar iyayena za su zo a sa rana."

Muzzammil ne ya faɗi haka yana murmushi, zaune a kan tabarma a zauren gidan su Rumaisa da ke Gwandu. Kwananta huɗu da dawowa daga Turai. Shi kuwa tun bayan azahar ya taso daga Kalgo a kan babur, ƙafar wandonsa duk laka saboda ruwan da aka yi da safe.

Rumaisa ta kama bakin hijabinta tana murzawa.

"Wace Asabar?"

"Wannan mai zuwa mana. Juma'a a yi walimar gama karatunki, washegari manya su zauna. Ko da sauran wani abu?"

"Yaya Muzzammil... da dai an ɗan dakata."

Murmushin ya gushe daga fuskarsa a hankali.

"A dakata? Rumaisa, shekara biyar fa."

"Na sani."

"To me kuma za a jira?"

Ta sunkuyar da kai. Daga cikin gida ana jiyo mata suna surfen geron walima, suna ta dariya.

"Dube ni," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun da kika sauka ba ki yarda mun haɗa ido ba. Kin rame, kin yi shiru. In na tambaye ki labarin makaranta sai ki kawar da zancen. Rumaisata, faɗa mini gaskiya komai ɗacinta... akwai wani ne a can?"

"Wallahi babu kowa. Ban taɓa kula kowa ba."

"To mene ne?"

"Ba zan iya faɗa ba yanzu."

Ya miƙe ya ɗauki makullin babur.

"Shekara biyar ana tambayata ina ba da amsa. An ce wadda ta je Turai ba ta dawowa ta auri malamin gona, na ce ba ku san Rumaisa ba. Yau ga ki a gabana, kuma ni ne na rasa abin cewa."

"Yaya, don Allah..."

"A gaida su Inna."

Tana nan zaune har ƙarar babur ɗin ta ɓace.

Abin da ta kasa faɗa ba dogo ba ne. Rumaisa ba ta gama karatu ba. Saura mata shekara ɗaya cur, kuma duk Gwandu babu wanda ya sani.

Shekara biyar da suka wuce ta sami gurbin karatun haɗa magunguna a wani ƙaramin birni a gabashin Turai. Ba a taɓa yin haka a danginsu ba, ko ga ɗa namiji. Baffa Atiku, yayan mahaifinta, ya kafe ya ce ba za a tura ɗiya mace ƙasar da ba a jin kiran salla ba. Mahaifinta Malam Abdulgani malamin Islamiyya ne mai sanyin magana, bai taɓa musu da yayansa ba. Amma ran nan ya ɗago kai a gaban 'yan'uwa ya ce, "Yaya, na yarda da tarbiyyar da na ba ta. In ta ɓaci, ni za a tuhuma."

Da wannan maganar Rumaisa ta tafi, kuma ita ce ta ɗaure mata baki lokacin da al'amura suka lalace mata a shekara ta huɗu. Duk wanda ya kira ta daga gida amsa ɗaya yake samu: komai lafiya, karatu na tafiya. Da aka sa ta maimaita shekarar, sai ta ce wa kanta za ta faɗa mako mai zuwa. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara. Da ta ce za ta zo hutu a daminar nan, a gida aka lissafa aka ga shekara biyar ta cika, aka ɗauka dawowar ke nan gaba ɗaya. Ta yi niyyar faɗa ranar da ta sauka, sai ta tarar da ƙofar gida cike da mata ana guɗa, mahaifiyarta Inna Hadijatu ta rungume ta tana kuka tana cewa, "Likitar maganina ta dawo."

Ta share ido ta shiga gida.

"Har ya tafi?" in ji Inna. "Ko furar bai sha ba?"

"Sauri yake yi, Inna."

"To zo ki gwada ɗinkin nan. Babanki har mutanen Masama da Maruda ya gayyata. Ban taɓa ganin shi da fara'a irin ta kwanakin nan ba."

Rumaisa ta karɓi rigar.

"Inna, gobe ina son in je Kalgo in gaida Malama Naomi."

"Ya kamata kam. Matar nan ta yi miki komai."

Washegari Laraba ta shiga motar Birnin Kebbi, daga can ta kama ta Kalgo. Gero ya yi tsawo a bakin hanya, ko'ina kore shar, amma ita ba ta ganin komai. Maganar da za ta faɗa kawai take ta jerawa a ranta tana rushewa.

Malama Naomi 'yar Zuru ce. Ita ta koya wa Rumaisa kimiyya a sakandare, ita ta ga sanarwar gurbin karatun, ita kuma ta zauna da ita suka cike takardun. Rumaisa ta same ta a barandar gidanta tana tsinkar zogale.

"Wa nake gani haka? 'Yata ta Turai."

Suka rungumi juna. Malama Naomi ta ja baya ta ƙare mata kallo ta saman tabarau.

"Zauna. Wannan fuskar na san ta. Irinta kike yi in ba ki yi aikin gida ba."

Rumaisa ta so ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata.

"Malama... ban gama ba."

Malama Naomi ta ajiye tiren zogalen.

"Korarki aka yi?"

"A'a. Maimaici na yi. Na ci shekarar da na maimaita, saura ta ƙarshe."

"To ai ba mutuwa aka yi ba. Wa ya sani?"

"Ke kaɗai."

"Malam fa? Muzzammil fa?"

Rumaisa ta girgiza kai. Ta ba ta labarin walimar jibi, da abin da ya faru jiya a zaure.

Malama Naomi ta yi ajiyar zuciya.

"Lokacin da aka fara turo ni nan aiki, shekara ashirin da shida ke nan, ban san kowa ba. Ranar Lahadi in fita coci ni kaɗai, in dawo in rufe ɗaki in yi ta kuka. Amma duk wasiƙar da na rubuta wa mamata sai in ce ina jin daɗi. Saboda haka na san baƙunci, na kuma san irin wannan ƙaryar. Sai dai ba ni ce ya kamata in fara ji ba, 'yata. Yaron nan ofishinsu yana bayan kasuwa. Zan kira shi."

"Malama, ina jin tsoro."

"Ji abinki. Da tsoron za ki faɗa."

Ba a yi rabin awa ba Muzzammil ya iso, da takalmin roba a ƙafarsa, alamar daga fadama aka kira shi. Ya gaida Malama Naomi da ladabi. Ita kuwa ta ɗauki zogalenta ta shige ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe.

Ya zauna a can ƙarshen benci.

"Yaya, ban gama karatu ba," in ji Rumaisa, idonta a ƙasa. "Saura shekara ɗaya. Na maimaita aji huɗu."

Ya juyo da sauri.

"Kin maimaita? Ke? Yaushe?"

"Bari in faɗa maka daga farko, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba."

Ta gyara zama.

"Ka tuna Mufida, 'yar Sudan da muke ɗaki ɗaya? Tare muke salla, tare muke sahur, ita ta nuna mini shagon da ake samun naman halal. Ta riga ni gamawa ta koma gida. Na rage ni kaɗai mai hijabi a ajinmu. Sai sanyi ya shigo. A can in sanyi ya yi, ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Wata ranar na taso daga ɗakin gwaje-gwaje na shiga jirgin ƙasa na cikin gari... wani mutum ya taso ta bayana ya fizge hijabina."

Muzzammil ya dafe bencin.

"Ya yi ta zagina da yarensu. Jirgin cike yake da mutane, babu wanda ya ce uffan. Kowa ya kawar da kai. Na tattara hijabin na rufe kaina, na sauka a tasha ta gaba na taka da ƙafa cikin dusar ƙanƙara har gida. Daga ranar na kasa fita. In na kama hannun ƙofa sai numfashina ya ɗauke, zuciyata ta yi ta bugawa kamar za ta fito. Mako bakwai ina ɗaki. A dokar makarantar, wanda ya rasa darussan gwaji da yawa ba ya zama jarrabawa. Shi ke nan shekarar ta tafi."

"A wane wata ne?"

"Nuwamba, bara waccan."

Ya yi lissafi a ransa.

"Lokacin girbin shinkafa," ya ce a hankali. "Kullum ina kiranki ina ba ki labarin manoma, kina dariya."

"Ina dariya. In ka kashe in ci gaba da kuka."

Ya miƙe ya je bakin barandar ya tsaya, ya ba ta baya. Da ya juyo idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wata ashirin, Rumaisa. Ba maimaicin ne ya dame ni ba, wallahi ko kaɗan. An taɓa ki, an wulaƙanta ki, kina kwance ke kaɗai a ƙasar mutane, ni kuma ina nan ina ba ki labarin taki da iri. Wane irin miji kika ɗauka zan zama, da ba za a iya gaya masa wannan ba?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron wa? Ni?"

"Tsoron ka ce in dawo. Da ka ce in dawo, da na dawo a ranar. Kuma da na dawo, maganar Baffa ta tabbata, Baba ya ji kunya a gaban 'yan'uwansa."

"To yanzu fa? Kina son komawa?"

Ta ɗago kai, karo na farko tun saukarta ta dube shi sosai.

"Ina so."

"Wata shekarar kuma."

"E."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Mahaifiyata ta gama gaya wa dangi bana za a yi biki. Ni kaina na gyara ɗaki, na yi fenti... Ban san abin da zan ce miki ba, Rumaisa. Ba ni lokaci."

"Za ku zo ranar Asabar?"

"Ban sani ba. Amma ki gaya wa Malam kafin Juma'a. Kada ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ba haka yake ba."

Ya yi wa Malama Naomi sallama daga bakin ƙofa ya tafi.

Ranar Alhamis da hantsi, Rumaisa ta nufi ɗakin karatun mahaifinta. Sai da ta yi sallama ta ɗaga labule sannan ta ga Baffa Atiku a zaune, ya zo ganin ragon da za a yanka. Ƙafarta ta so ta juya. Amma ta san in ta fita yanzu ba za ta sake samun ƙarfin dawowa ba. Ta durƙusa ta gaishe su.

"Lafiya, ɗiyata?" in ji Malam Abdulgani.

"Baba, laifi na yi maka."

Ta faɗa masa duk abin da ta faɗa wa Muzzammil. Malam bai katse ta ba. Carbin da ke hannunsa ne kawai ya daina motsi.

Baffa Atiku ya tafa hannu.

"Mi na gaya maka, Abdulgani? Tun farko mi na ce? Ga shi nan. An kama ɗiyarka a bainar jama'a an tuɓe mata lulluɓi, ta ɓoye maka kusan shekara biyu, ka tara mutane za ka yi walimar abin da babu. To tunda Allah ya dawo da ita da rai, zancen komawa ya ƙare."

Malam bai dubi yayansa ba. Ɗiyarsa yake kallo.

"Shi ke nan abin da ya faru, ko da saura?"

Wannan ce tambayar da Rumaisa ta fi tsoro. Ko Muzzammil ba ta gaya masa ba.

"Da saura, Baba." Hawaye suka zubo mata. "Ranar da abinci ya ƙare mini dole na fita, ban sa hijabi ba. Hular sanyi na ja na rufe gashina, na naɗe wuyana, don kada a gane ni Musulma ce. Sau uku na yi haka. Kuma akwai asubar da ta wuce ni ina kwance idona biyu, na kasa tashi in yi alwala. Na rama, amma ta wuce ni."

Daga bakin ƙofa aka ji shesshekar Inna, ashe ta biyo ta tana tsaye bayan labule.

"Wa ya tashe ki?" in ji Malam.

"Wata tsohuwa ce 'yar Bosniya. Muna da ɗan masallaci a ƙarƙashin wani bene, ita ke share shi. Da ta ga Juma'a da yawa ban je ba, ta nemi ɗakina. Ba ma jin yaren juna sosai. Ta zo ta ɗauko hijabina ta ɗaura mini da hannunta, ta kama ni muka fita. Mako biyu kullum da safe tana rako ni har ƙofar makaranta, ta zauna kusa da ni a jirgin. Ita ta kai ni wurin likitar da ke duba masu damuwa. A hankali na koma fita ni kaɗai. Shekarar da na maimaita babu darasin da na faɗi, Baba. Yanzu in sababbin ɗalibai mata Musulmi sun zo, ni ke tarbarsu, ni ke nuna musu masallaci da alƙibla, in raka su har su saba."

Ta juya wajen Baffa, har yanzu a durƙushe.

"Baffa, ka yi mini afuwa in yi magana. Abin da ka ji tsoro ya faru, ban musa ba. Amma in na zauna yanzu, tsoron nan zai zauna tare da ni har tsufana. Na riga na koma jirgin nan da hijabina, na shige shi sau ɗaruruwa. Shekara ɗaya ta rage. Ina roƙon a bar ni in gama."

"Ji wagga ɗiya," in ji Baffa. "Har ta koyi mayar da magana."

"Ba mayar da magana ta yi ba, Yaya. Roƙo ta yi." Malam ya ajiye carbin a kan littafi. Ya juya wajen ɗiyarsa. "Rumaisa, ɓoyewar da kika yi ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Amma ina ganin ni na ɗora miki. Na tsaya gaban mutane na jingina mutuncina a kanki, ke kuma kina yarinya, sai kika ɗauka ba ki da izinin faɗuwa. Ni a garin da kowa ke salla na koyar da ke. Ban taɓa zama inda za a wulaƙanta ni don addinina ba, ban san abin da zan yi ba in ni ne. Ke kin faɗi, kin tashi, kin koma da lulluɓinki. Tashi zaune, ɗiyata."

"Walimar fa?" in ji Baffa. "Mi za ka ce wa mutane?"

"Gaskiya."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙofar gida ta cika. Rumaisa na cikin ɗakin Inna ta ji muryar mahaifinta ta lasifika.

"Jama'a, na gayyace ku a kan ɗiyata ta gama karatu. Kuskure ne, ba ta gama ba, saura shekara guda. Jarrabawa ta same ta a can, Allah ya fid da ita. Ku ci abinci, ku taya ni gode wa Allah da ya dawo mini da ita da imaninta, ku kuma yi mata addu'ar abin da ya rage."

Aka ɗan yi gunaguni, sannan liman ya ɗaga hannu aka shafa. A cikin gida wasu matan sun yi ta ƙus-ƙus, wasu suka zo suka dafa ta. Rumaisa ta amsa gaisuwar kowa, amma kunnenta na waje. Har taro ya watse ba ta ji an ce Muzzammil ya zo ba. Ta duba wayarta ya fi a ƙirga. Babu kira, babu saƙo.

Asabar ta waye. Hantsi ya yi, azahar ta wuce. Inna ta dafa abincin baƙi ta rufe, duk motsin da aka yi a waje sai ta ɗaga kai. Rumaisa ta yi la'asar ta zauna a kan sallaya ta kasa tashi. Ta fara gaya wa kanta cewa in bai zo ba ma bai yi laifi ba, shekara biyar ba kwana biyar ba ce.

Sai ta ji tsayuwar mota, ta ji sallamar manyan maza.

Can an jima Inna ta leƙo, idonta ya cika da ƙwalla.

"Mutanen Kalgo ne. Suna wurin Babanki. Shi kuma yana zaure, ya ce a ba shi izini ya gan ki."

Ta same shi a tsaye. Shi ma ya faɗa, kamar wanda ya yi jinya.

"Na yi fushi, Rumaisa," ya ce ba tare da dogon gaisuwa ba. "Har yanzu ma da saura, ba zan ɓoye miki ba."

"Ka yi gaskiya."

"Na gaya wa iyayena saura shekara. Abin da ya faru a jirgi ban faɗa ba, wannan naki ne, ke za ki faɗa in kin so. Mahaifiyata ta yi faɗa, kwana biyu muna abu ɗaya. Jiya da yamma ta ce in dai na tabbata, to in je."

"Ka tabbata?"

"Na auna zama da ke bayan shekara guda, na auna zama babu ke har abada. Ban daɗe ina aunawa ba." Ya ɗan yi murmushin gajiya. "Abin da suka zo nema shi ne a ɗaura aure kafin ki koma, tarewa sai kin dawo. Ba don in tsare ki ba. Ina son in wani abu ya same ki a can, ya zama ina da hakkin in fara ji. Kin yarda?"

Ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa.

"Rumaisata, magana nake jira."

"Na yarda, Yaya. Ka yafe mini."

"Na yafe. Sauran fushin ma zai tafi, ki ba shi kwana biyu."

Bayan mako uku aka ɗaura aure a Gwandu. Baffa Atiku ne ya yi walicci, don shi ne babba. Ya ba da ita da bakinsa, ya sa albarka, amma ko a ranar sai da ya ce shi dai har gobe bai ga dalilin komawar nan ba. Malama Naomi ta zo tun da safe, ta zauna cikin mata ana ta tsokanarta da uwar amarya ta biyu.

Ranar tafiya, da safe, aka fito da akwatinta ƙofar gida. Inna ta cusa mata ƙullin yaji da kuka da daddawa, tana share ido da gefen zane. Malam Abdulgani ya dafa kan ɗiyarsa ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya dubi Muzzammil.

"Yanzu kai ke da magana a kanta. Ka sallame ta?"

"Na sallame ta, Malam. Ta je ta gama."

Shi ya raka ta filin jirgi. Da suka isa inda masu rakiya ke tsayawa, ya miƙa mata jakarta, ya riƙe hannunta bai saki ba. Tafin hannunta ya yi sanyi ƙalau.

"Tsoro kike ji?"

Ta yi kamar za ta girgiza kai, sai ta fasa.

"Ina ji. Sosai."

"Ni ma haka, matata."

Suka tsaya a haka har aka sake kiran fasinjoji. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta gyara hijabinta, ta ɗauki jakar. Hawaye na zuba, ta bi layi ta shiga.